Ina ake danna murya a kalmar Sifaniyanci, kuma yaya ake yanka gaɓoɓinta?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, wata biyar ke nan ina koyon Sifaniyanci, don ina sa ran tafiya karatu Sifaniya baɗi in Allah ya yarda. An ce mini harshen yadda aka rubuta shi haka ake karanta shi. To amma malamar da muke darasi da ita ta intanet kullum sai ta gyara mini, kuma yawanci gyaran a kan wurin da nake ɗaga murya ne. Ran nan na so in ce mahaifina, na ce *mi papa*, sai ta ce ai dankalina na ce. Sannan ɗan layin nan da ake ɗorawa a kan wasali ban gane lokacin da ake sa shi ba: me ya sa *María* take da shi, *Mario* ba shi da shi? Akwai ƙa'ida ne, ko kuwa kowace kalma haddace ta ake yi?"

Wa alaikumus salam ƙanena, Allah ya ba da sa'ar tafiya. In na fahimce ka, abu uku kake nema: a wace gaɓa ake danna murya, mene ne aikin ɗan layin nan da su suke kira *tilde*, sannan me ya sa bakinka yake ƙin bin abin da idonka ya gani. Akwai ƙa'ida, kuma ƙa'ida ce mai cika alkawari. Duk kalmar Sifaniyanci da ka gani a rubuce daidai, ko ba ka taɓa jin ta ba, rubutun ya riga ya gaya maka inda za ka danna. Sai dai ƙa'idar ba ta yi maka aiki sai ka iya yanka kalma gaɓa-gaɓa, shi ya sa a nan zan fi daɗewa.

Bari mu fara daga gida. A Hausa abu biyu ne suke raba kalmomin da rubutunsu yake ɗaya. Akwai karin sauti, kamar kukan yaro da kukar da ake miya da ganyenta. Akwai kuma tsawon wasali, kamar garin da ake zama a cikinsa da garin da ake tuƙa tuwo da shi. Rubutun bokonmu bai nuna ko ɗaya daga ciki ba, mai karatu ne yake ganewa daga jimla. Mun saba da wannan har ba ma lura muna yi. Sifaniyanci ba shi da karin sauti irin namu, kuma ba ya raba dogon wasali da gajere. Abin da yake da shi shi ne gaɓa guda a cikin kalma wadda ake ba ta ƙarfi fiye da 'yan uwanta: murya takan ɗan tashi a kanta, ta ɗan fi tsawo, ta ɗan fi amo. Wannan nake nufi da dannawa, kuma zan riƙa rubuta gaɓar da manyan baƙaƙe don ka gani. PA-pa dankali ne a Latin Amurka da kudancin Sifaniya, kuma haka ake kiran Fafaroma. Pa-PA shi ne baba. Malamarka gaskiya ta faɗa maka.

Abin ya fi tsanani a aikatau, domin Sifaniyawa ba su cika faɗin wakilin suna ba, ƙarshen aikatau ne yake nuna wanda ya yi aikin da lokacin da ya yi. *Hablo*, wato HA-blo, ina magana. *Habló*, ha-BLO, ya yi magana. Haruffa biyar iri ɗaya, amma mutumin ya canja, lokacin ma ya canja. Akwai ma masu fuska uku: *término* kalma ko wa'adi, *termino* ina gamawa, *terminó* ya gama. Wanda ya ce wa likita *tomo* a maimakon *tomó* ya mai da "ya sha" ta koma "ina sha". Shi ya sa ban yarda a bar wa ɗalibi wannan sai ya yi nisa ba. A makon farko nake koyar da shi.

Ƙa'idar kanta

Ka dubi harafin ƙarshe na kalma. In wasali ne, ko n, ko s, to a gaɓa ta biyu daga ƙarshe ake dannawa: CA-sa gida, ven-TA-na taga, JO-ven matashi, LU-nes Litinin. In kuwa wani baƙi ne daban, a gaɓar ƙarshe ake dannawa: co-MER cin abinci, pa-PEL takarda, ciu-DAD birni, re-LOJ agogo. Duk kalmar da ta bi wannan tsari ba a sa mata komai. Wadda ta saɓa masa ita ake ɗora wa layi a kan wasalin da ake dannawa, don a sanar da mai karatu cewa wannan ta fita daga layin jama'a. Ke nan rashin alamar ma labari yake ba ka, yana cewa ka bi hanyar da aka saba.

*Papá* ta ƙare da wasali, da a ce ta bi tsari da PA-pa za a ce, amma a ƙarshe ake danna ta, sai aka sa mata alama. *Árbol*, bishiya, ta ƙare da l, ya kamata a danna ƙarshe, amma farko ake dannawa, ita ma sai alama. Ka gwada da sunayen da kake ji a gidan kallon ƙwallo. *Pérez*, *Sánchez*, *González* da *Martínez* duk sun ƙare da z amma ba a danna ƙarshensu, don haka suna da alama. *Ortiz* da *Muñoz* a ƙarshe ake danna su, sun bi tsari, ba su da ita. Haka sunayen ƙasashenmu: *Sudán* da *Camerún* sun ƙare da n amma ƙarshe ake dannawa. *Níger* ta ƙare da r amma farko ake dannawa. *Nigeria* ba ta buƙatar komai, ni-GE-ria, gaɓa uku kacal.

Sunayen da za ka ji a aji su ne *aguda* ga wadda ake danna gaɓar ƙarshe, *llana* ko *grave* ga ta biyu daga ƙarshe, su ne kuma suka fi yawa nesa ba kusa ba, sai *esdrújula* ga ta uku daga ƙarshe. Wannan ta ukun kullum da alama take, ba togiya: *música*, *teléfono*, *sábado*, *Málaga*, *Atlético*. Ana samun ta huɗu daga ƙarshe idan aka liƙa wa aikatau wakilan suna a baya, kamar *dígamelo*, gaya mini shi. Harafin y a ƙarshen kalma kuwa a matsayin baƙi ake lissafa shi wajen wannan ƙa'ida, shi ya sa *estoy* da *Uruguay* ake danna ƙarshensu ba tare da alama ba.

Ba zan manta da wata safiya a tashar mota a Granada ba, a watannina na farko a can. Na je yankar tikiti na ce cor-DO-ba. Mutumin da yake bayan gilashi ya matso da kunnensa, na sake faɗa, ya sake tambaya. Sai wata dattijuwa da take bayana a layi ta ɗan taɓa kafaɗata, ta buga yatsa a kan kantar sayar da tikitin sau ɗaya da ƙarfi, sau biyu a hankali: COR-do-ba. Babu harafin da na ɓata a cikin sunan, amma kunnen mutumin a kan gaɓar da aka danna yake kama kalma, da ya rasa ta a inda ya saba ji sai sunan ya ɓace masa. Alamar tana nan ɓaro-ɓaro a kan allon tashar, *Córdoba*, ni ne ban san aikinta ba a lokacin.

Wani abu da yake rikita ɗalibai shi ne alamar takan bayyana ta kuma ɓace tsakanin tilo da jam'i. *Joven* ba ta da ita, *jóvenes* tana da ita. *Canción*, waƙa, tana da ita, *canciones* ba ta da ita. In ka duba, muryar ba ta motsa daga inda take ba. Kalmar ce ta ƙara gaɓa, lissafi daga ƙarshe ya canja, sai rubutu ya bi. Kalmomin da muryarsu take ƙaura a jam'i ba su da yawa, waɗanda za ka fi haɗuwa da su *carácter* da *caracteres* ne, sai *régimen* da *regímenes*.

Kalma mai gaɓa ɗaya ba a sa mata alama, tunda ba wani zaɓi: *sol*, *pan*, *fue*, *dio*. Inda ka gan ta a kan irin waɗannan, aikinta raba tagwaye ne: *tú* kai, *tu* naka, *él* shi, *el* ƙaramar kalmar da take zuwa kafin suna, *sí* i, *si* idan, *té* shayi, *te* kai a matsayin karɓau. Haka *qué* da *cómo* da *dónde* a tambaya. Waɗannan kam haddacewa ake yi, kuma ba su cika shafi guda ba.

Yanka kalma

Bahaushe yana da gata a nan, domin Sifaniyanci ma ya fi son gaɓar da ta fara da baƙi ta ƙare da wasali, irin su ka-sa, ta-fi. Baƙi ɗaya tsakanin wasula biyu gaba yake bi: a-mi-go, pe-lo-ta. Baƙaƙe biyu kuwa raba su ake yi, ɗaya baya ɗaya gaba, kamar yadda muke yi a kas-ko da gan-ga: car-ta, al-to, cam-po.

Togiyar ita ce idan na biyun r ne ko l, na farkon kuma yana cikin p, b, f, c, g, ko kuma t da d kafin r. Waɗannan ba a raba su, tare suke buɗe gaɓa: li-bro, ma-dre, o-tro, ha-blar, re-gla, Á-fri-ca. Game da tl an rabu biyu: yawancin mutanen Sifaniya at-las suke cewa, a Meziko kuwa a-tlas, kuma a can tl ta yi yawa a kalmomin da aka aro daga harshen Nahuatl. Baƙaƙe uku ko huɗu in sun haɗu, ka duba biyun ƙarshe. In irin waɗancan ne marasa rabuwa, su tafi gaba tare: hom-bre, siem-pre, cons-truir. In ba su ba ne, na ƙarshe kaɗai yake tafiya gaba: ins-tan-te, obs-tá-cu-lo. Su ch da ll da rr sauti ɗaya-ɗaya ne da aka rubuta da harafi biyu, kamar sh da ts a wurinmu, don haka ba a tsaga su: mu-cha-cho, ca-lle, pe-rro. Amma cc sauti biyu ne, ac-ción.

Akwai abin da yake burge ni a nan. Sifaniyanci ba ya yarda gaɓa ta fara da s wani baƙi na biye da ita. Kalmar Latin *schola* da ta shigo sai ta koma es-cue-la, kuma har yau in sun aro kalma haka suke yi mata, *estrés*, *eslogan*. Mu ma gyara muke yi wa baƙuwar kalma, sai dai mu a tsakiya muke cusa wasalin: sitiyari, burodi, firamare, gilashi. Kowane harshe da irin ɗinkin da yake yi wa rigar aro. Wannan ɗabi'a tamu ce take sa ɗalibi Bahaushe ya ce ti-res a maimakon *tres*, Ma-di-rid a maimakon Ma-drid, ya ƙara gaɓar da babu ita. Da zarar an ƙara gaɓa, lissafin dannawa ya rushe. Abin da nake gaya wa ɗalibaina shi ne kada su yi kokawa da wasalin nan, su gajarta shi kawai. Su kansu Sifaniyawa akwai ɗan guntun amon wasali tsakanin t da r a *tres*, masu nazarin furuci sun daɗe da lura da shi, amma ya yi gajartar da ba a ƙirga shi. Ka ce taras, ka yi ta matse a ta farko har sai kalmar ta zama bugu ɗaya in ka tafa hannu.

Yanzu ga *María* da *Mario*. Wasulan biyar ne kamar namu, amma an kasa su biyu: a, e, o masu ƙarfi ne, i da u masu rauni. Mai rauni in ya zauna kusa da mai ƙarfi sai ya narke a jikinsa su zama gaɓa ɗaya, i ta koma kamar y, u ta koma kamar w. Mun san irin wannan a ai da au, kamar a kai da sau, to su suna da shi ta kowane ɓangare: ai-re, cau-sa, tie-rra, bue-no, a-gua. Masu rauni biyu ma haka, ciu-dad, cui-da-do. Masu ƙarfi biyu kuwa ba sa shiga gaɓa ɗaya, kowa da ɗakinsa: te-a-tro, po-e-ta, le-er. Shi ya sa *Real* ta Real Madrid gaɓa biyu ce, re-AL, da e a farko, ba riyal irin kuɗin Saudiyya ba.

*Mario* ke nan gaɓa biyu ce, MA-rio, kamar ka ce Maryo. Ta ƙare da wasali, an danna ta biyu daga ƙarshe, ta bi tsari. A *María* kuwa i ɗin ce ake dannawa, ta ƙi narkewa, ta tsaya da ƙafarta: ma-RÍ-a, gaɓa uku. Da ba a sa alama ba, mai karatu zai haɗe i da a ya ce MA-ria. Duk inda i ko u ta karɓi dannawa a kusa da wasali mai ƙarfi dole a sa mata alama, ko da waccan ƙa'ida ta harafin ƙarshe ba ta nema ba: dí-a, rí-o, pa-ís, Ra-úl. Har h da ba a furta ta ba ta hana wannan, *búho*, mujiya, bú-ho. Ka riƙe *hacia* da *hacía* a matsayin ma'auni: ta farko HA-cia, wajen wuri kaza, ta biyu ha-CÍ-a, yana yi a da.

Inda bakin Bahaushe yake zamewa

Littattafan koyon Sifaniyanci yawanci don Turawan Ingila ko Faransa aka rubuta su, matsalolinsu suke magancewa. Namu daban ne, kuma shekarun da na yi ina sauraron ɗalibai Hausawa sun nuna mini wurare kaɗan da kusan kowa yake tuntuɓe.

Mafi girma shi ne e da o. A Hausa, in suna tsakiyar kalma a buɗaɗɗiyar gaɓa, dogaye ne: ka ji e ta lemo da o ta mota. To sai ɗalibi ya ɗauko *teléfono* ya ja kowace gaɓa, tee-lee-foo-noo, Basifaniye kuma ya kasa gane wadda aka danna, domin tsawo yana cikin alamomin da kunnensa yake bi. Dole gaɓoɓin da ba a danna ba su zama gajeru, amma wasalinsu ya fito tsaf. Kada ka haɗiye shi irin yadda ake yi a Ingilishi. Idan kuma baƙi ya rufe gaɓar, e da o namu sukan karkata su koma a. Ka saurari yadda muke cewa zobe amma zoban nan, ka kuma dubi yadda muka karɓi kwamfuta da kwantiragi, inda ko ta koma kwa. Wannan yakan mai da *con* ta zama kwan, *tengo*, ina da, ta zama *tango*, rawar Ajantina. *Hombre* mutum ne, *hambre* yunwa, kuma tunda h ba ta fita, wasalin nan kaɗai ya raba su. Maganinsa madubi: in za ka ce *con*, leɓɓanka su zagaye su tsaya a zagaye har n ta fito.

Sai p da f, waɗanda a Hausa sauti ɗaya ne da kowane yanki yake furtawa yadda ya saba. A can *puente* gada ce, *fuente* maɓuɓɓugar ruwa. *Presa* madatsar ruwa, *fresa* ɗan itacen nan ja da Turawa suke kira strawberry. Wajen p leɓɓa biyu suke haɗuwa su rufe gam. Wajen f haƙoran sama ne suke sauka a kan leɓen ƙasa, iska tana wucewa ba tsayawa.

Na ukun ba a cika lura da shi ba, amma shi ne yake sa maganar mutum ta fito a yayyanke. Kowace kalmar Hausa da aka rubuta da wasali a farko, da hamza take farawa a baki: ka ce ya aika ka ji yadda maƙogwaro yake rufewa tsakaninsu. Sifaniyanci ba ya wannan tsayawa. Baƙin ƙarshen kalma yakan tsallaka ya kama wasalin kalmar gaba, *los amigos* ta fito lo-sa-mi-gos, *el agua* ta fito e-la-gua. Wasula biyu in sun haɗu a bakin iyaka sukan narke, *mi amigo* ta koma mia-mi-go. Yawancin ɗaliban da suke ce mini Sifaniyawa sauri gare su, wannan ne yake damunsu: kunnensu yana jiran shinge tsakanin kalmomi, su kuwa ba su sa shingen ba. Wanda ya yi tajwidi ya san sadar da kalma da kalma, ya san yadda alifin al yake faɗuwa in an haɗa karatu, don haka abin ba baƙo ba ne a gare shi.

Tajwidin ma zai taimake ka a wasu baƙaƙen. Harafin j, da g kafin e ko i, kusan kha ta Larabci ce, ta kalmar khairi, don haka *Nigeria* ni-KHE-rya ake cewa. A ƙasashen Karebiyan da wani sashe na kudancin Sifaniya ta yi laushi ta koma kusan h tamu, in ka yi h ɗin ma za a gane ka. Harafin z, da c kafin e ko i, a tsakiya da arewacin Sifaniya tha ce mai ɗigo uku, harshe tsakanin haƙora. A Latin Amurka da tsibiran Kanari da sassan Andalus s ce zalla, kuma masu yin haka su ne mafiya yawa a duniya. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kai, amma z irin ta zuma kam babu ita. D tsakanin wasula takan yi laushi kamar zal mai ɗigo ɗaya, ka ji *nada* da *todo*. Daɗin abin kuma, kalmomi da yawa za su yi maka kama da na gida, domin Larabci ya zauna a ƙasar daga 711 zuwa 1492: *azúcar* ɗan uwan sukari ne, *alcalde*, magajin gari, tushensa ɗaya da alƙalinmu.

Sauran ba su da wuya. B da v sauti ɗaya ne, *tubo* da *tuvo* ba su da bambanci a baki, don haka rashin v a Hausa riba ce. Ñ kamar ny ta hanya. Ll a wurin mafi yawan mutane y ce, *Sevilla* se-BI-ya, in ban da mutanen Ajantina da Uruguay da suke kai ta wajen sh. U ta *que*, *qui*, *gue*, *gui* ba ta fita sai an ɗora mata ɗigo biyu, kamar a *vergüenza*, kunya. R kuwa Turawa sukan yi shekaru suna fama da ita, kai kana da ita a bakinka. Mai kaɗawa, ta sharri, ita ce rr ta *perro*, kare, kuma ita ce kowace r ta farkon kalma. Ta *pero*, amma, bugu ɗaya ce tak na kan harshe a bayan haƙoran sama. Ka dai kiyaye kada ka naɗe harshe baya irin r ta bara mai yi wa sarki hidima, wannan ba su da ita.

Yadda za ka yi aiki da wannan

Kullum ka ɗauki layi biyar daga kowace jarida ta Sifaniyanci, ka kwafe da hannu, ka yanka kowace kalma da fensir, ka ja layi a ƙarƙashin gaɓar da za a danna kafin ka buɗe baki. Daga ƙarshen kalma za ka fara ƙirga, kullum. Sannan ka karanta kana buga tebur, bugu mai ƙarfi a kan wadda ka ja wa layi. Doguwar kalma in ta gagara, ka gina ta daga baya: dad, si-dad, ver-si-dad, u-ni-ver-si-DAD. Ka naɗi muryarka a waya ka saurara washegari, domin a lokacin da mutum yake magana ba ya jin hamzarsa. Ɗaliban da suka riƙe wannan da gaske, cikin 'yan makonni nakan ga fensirin ya daina zama dole.

Ka kuma kula da inda kake ɗaukar misali. A saƙonnin waya da kafafen sada zumunta Sifaniyawa da yawa ba sa sa alamar, kamar yadda namu suke barin ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ. In kana shakka, ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar da take kula da harshen a Sifaniya, yana intanet kyauta. Hukumar an kafa ta a 1713, ta fitar da littafin ƙa'idojin rubutu na farko a 1741, wanda ake aiki da shi yanzu kuma na 2010 ne, da aka yi tare da hukumomin sauran ƙasashe masu harshen. Shi ne ya cire ch da ll daga jerin haruffa suka koma 27, ya kuma cire alamar daga *guion*, don haka in ka ga *guión* a tsohon littafi ba kuskuren ɗab'i ba ne.

Akwai inda bayanina yake tsayawa. Rubutu yana nuna maka gaɓar da za ka danna, amma hawa da saukar murya a kan jimla gaba ɗaya sai da kunne, kuma na Madrid daban, na Meziko daban, na Havana daban. Rabon wasula ma a baki yakan ɗan saɓa wa na takarda, wasu sukan raba *guion* gida biyu, wasu su haɗe *teatro* ta koma kamar tia-tro in suna sauri. Ni kuma kunnena a kudancin Sifaniya ya gogu, inda s ta ƙarshen gaɓa takan koma huci ko ta ɓace, d ta tsakanin wasula ma takan faɗi, *cansado* ta fito can-SA-o. In can aka tura ka, makonnin farko za su yi maka nauyi, amma za ka tarar gaɓar da ake dannawa tana nan daram a inda littafi ya ce, ita za ka riƙa kamawa ka gane kalmar.

Kafin darasinku na gaba, ka shirya wa malamarka wannan jimla: *Mi papá compró papas en Córdoba*, babana ya sayi dankali a Kordoba. Ga yadda za ta fito: mi-pa-PÁ-com-PRÓ-PA-pa-sen-CÓR-do-ba. P huɗu na *papá* da *papas* leɓɓa a rufe, *com* da o zagayayye ba kwam ba, *pró* bugu ɗaya, s ta *papas* kuma ta tsallaka ta kama *en* ba tare da hamza ba.